Asalin Turbo Da Abin Da Ke Kashe Shi

Tambaya: Wani mai sauraronmu daga Funtuwa, mai safarar hatsi, yana son jin tarihin turbo na injin mota.

Amsa: To Malam, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Ya lura hayaƙin inji ƙarfi ne da ke tafiya a banza. Sai ya sa hayaƙin ya juya farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta mai hura iska cikin inji kamar zugazugin maƙeri. Iska ta ƙaru, mai ya ƙone sosai, inji ya ƙara ƙarfi.

Jiragen ruwa na cikin waɗanda aka fara sa wa shi. Kamfanin Saurer ya sa shi a manyan motoci a 1938, ƙananan motoci kuwa sai 1962 a Amurka.

Farfelar takan juya fiye da sau 100,000 a minti guda, baƙin mai ke sanyaya ta. Tsohon mai da ƙurar hunturu su ne ajalinta. In ka ga shuɗin hayaƙi, mota ta kasa hawan tudu da kaya, nemi bakanike tun kafin a kai ga sayen sabo. Bayan doguwar tafiya kuma, bar inji ya huce yana aiki kafin ka kashe.