Kashe Na'ura Ma Sana'a Ce

Tsofaffin ma'aikatan Unix ba sa kashe inji sai sun buga sync, wasu har sau uku, sannan halt. Dalili kuwa, kwamfuta ba ta rubuta abu a faifai nan take, tara shi take yi a ƙwaƙwalwa tukuna, sync ne ke tilasta mata ta sauke. Sai da Intel ya fito da tsarin ATX a 1995, ACPI ya biyo baya a 1996, sannan ya zama ruwan dare manhaja ta yanke wa kanta wuta.

Mu masu haɗa ƙananan na'urori mun daɗe ba ruwanmu da wannan. Arduino, wanda ya fito daga Italiya a 2005, zare masa waya kawai ake yi. Raspberry Pi ne ya jawo mana aiki a 2012: cikakken Linux a kan katin memori, kuma babu maɓallin kashewa, har sai da Pi 5 ya zo da shi a 2023. A Ingila ƙaramar matsala ce. A nan, inda ake ɗauke wuta ba sallama, babba ce.

A ce ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ya dasa na'urar auna zafi mai aiki da Pi a rumbun albasa, da faranti ɗaya na sola. Cikin dare batir ya yi ƙasa tana tsakar rubutu, da safe ta ƙi tashi. Za a zagi katin, musamman in na teburin masu waya ne a kasuwar Jega, amma laifin na manhajar ne. Tsarin ext4 na Linux yana gyara abin da ya karye a jerin fayiloli, sai dai ikonsa bai kai cikin katin ba.

Don haka manhajar ce za ta riƙa duba ƙarfin batir, ta wani ɗan guntu irin INA219 tunda Pi ba ya iya aunawa da kansa. Da ya sauka, ta kira fsync, ta rufe fayilolinta, sannan systemctl poweroff. Izinin wannan umarni kaɗai za a ba ta a sudoers, ba dukan ikon root ba. Abin da sababbin shiga ke mantawa shi ne, ko bayan ya tsaya Pi yana ci gaba da shan batir, sai an sa masa makunnin da zai yanke layin gaba ɗaya, ya mayar in rana ta fito.