Ubangida Yana da Yara, Uwargida Tana da Kishiya

Hutun bana na raka ƙanwata wani shagon gyaran salula a nan Dakoro, tana son koyon aikin. Mai shagon bai yi mana wulaƙanci ba, har kujera ya ba mu. Cewa kawai ya yi: "Ɗiya mace? In na koya mata, gobe a yi mata arme, wahalata ta tafi gidan wani." Da muka fito, ni da nake karatun kimiyyar harshe a Yamai sai na tsinci kaina ina juya kalmomi biyu a raina: ubangida da uwargida.

A ginin kalma tagwaye ne. A ma'ana kuwa sun rabu tun nesa. Ubangida shi ne mai jari, mai yara a kasuwa, wanda ake ci a ƙarƙashinsa. Uwargida fa? Matar fari. Shi matsayinsa daga dukiya da jama'a yake, ita nata daga aure.

Wannan rabuwa tana da tarihi. A 1986 Emmanuel Grégoire ya fitar da littafi kan Alhazan Maraɗi, inda ya bi diddigin yadda suka taso: da farko masu saya wa kamfanonin Turawa gujiya, daga baya, da fari ya karya noman gujiya a shekarun 1970, suka ƙara ƙarfi a fataucin kaya zuwa Najeriya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsanin da ake hawa. Yaro ya shiga hannun ubangida a matsayin bara, ya yi aike, ya bi mota, ya riƙe amana shekara da shekaru, ran nan a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Makarantar shugabanci ke nan, ba allo ba takarda. To wace budurwa za a bari ta bi mota zuwa Kano ta kwana a tasha? Ba hana ta aka yi da doka ba. Tsanin ne aka kafa inda ƙafarta ba ta zuwa.

Kuma kar a ce mata ba su san mulki ba. Iya a fadar Maraɗi da Inna a Tsibirin Gobir sarautu ne na mata masu faɗa a ji. Kuɗi ma suna juya shi: man gujiya, ƙuli-ƙuli, fura, kiwon awaki, adashe. Sai dai ciniki ne na cikin gida, ƴan talla su ne ƙafafunsa, ba ya haifar da barori.

Ko a ƙasashen da aka ƙera kwamfuta haka zancen yake. A Turanci, kalmar da muka ara muka ce kwamfuta da can sunan ma'aikaci ne mai lissafi da hannu, kuma mata sun yi yawa a aikin. Mata shida ne suka tsara wa na'urar ENIAC aiki a Amurka, amma da aka nuna ta ga duniya a 1946 ba a gabatar da su ba.

Abin da ya ɗan sauya lissafi a wajenmu shi ne Mata Masu Dubara, tsarin asusu da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda yanzu ya bazu ƙasashe da dama. Mata su zaɓi shugabarsu da ma'ajiyarsu, su yi zubi duk mako, su ba juna bashi. A ganina muhimmancinsa ya wuce kuɗin: wuri ne da mace ke zama shugaba ba don wanda ta aura ba.

Gwaggona ce ke riƙe da ɗaya daga makullan akwatin ƙungiyarsu. Da ta ji labarin shagon, tsaki ta yi, ta karɓo bashin jika ashirin da sunanta, aka sayo wa ƙanwata ƴan kayan kwance salula daga Maraɗi. Yanzu a bidiyo take koyo, in intanet ta yarda. Ta gyara salula uku, ta kashe ɗaya, tawa.