Yadda Aka Gane Gadon Sikila

Makiyayan kwarin Binuwai sun daɗe da sanin cewa maraƙi yakan ɗauko kamannin bijimi da na saniya duka. Amma in aka haifi yaro mai amosanin jini, wato sikila, a gidajenmu na Garwa ko Marwa, sau da yawa uwar kaɗai ake ɗora wa laifi, ko kuwa a ce mayu ne. Wani lokaci har aure ya mutu. Bari mu ga yadda aka gano gaskiyar al'amarin.

Wani bawan Allah ne ya buɗe hanya, sunansa Gregor Mendel, mai zaman zuhudu a birnin Brno na ƙasar Cek ta yanzu. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta shuka wani irin waken Turai a lambu. Da ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye. Amma cikin jikokin, ɗaya bisa huɗu gajeru ne. Ashe gajartar ba ta ɓace ba, ɓuya ta yi. Sai ya gane kowane hali ƙwayoyin gado biyu ke riƙe da shi, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ya buga aikinsa a 1866, ya rasu a 1884, ba a kula da shi ba sai 1900.

A 1910 likita James Herrick na Amurka ya ba da labarin wani ɗalibi wanda ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jan jini ne ya bambanta. A shekarar nan kuma James Neel ya tabbatar cutar tana bin ƙa'idar Mendel. Mai ƙwaya ɗaya, wato AS, lafiyarsa lau. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS.

To, me ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashenmu? A 1954 Anthony Allison ya gano a Gabashin Afirka cewa mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A wuri irin Garwa, inda sauro ke yawa da damina, abin da ya ceci kakanni shi ne yake wahalar da waɗansu jikoki.

'Yan'uwa, cikin Yohanna sura 9 Ubangijinmu ya ƙi ɗora makantar wani mutum a kan zunubinsa ko na iyayensa. Kada miji ya kori matarsa saboda gadon da su biyu suka kawo. Samari da 'yan mata su je asibiti su gwada jini tun kafin a kai kayan aure, ikilisiya kuma ta tsaya da iyalin da ke jinyar irin wannan yaro.