Nazarin Jijjigar Gine-gine ta Fuskar Lokaci da Yawan Kaɗawa: Dacewarsa da Tokoin a Birnin Lome

Tsakure

Maƙalar ta duba hanyoyin lissafi da ake bi a tantance jijjigar gada ko bene, ta kuma auna su da yanayin Tokoin. Ta nuna cewa jijjigar da manyan motoci ke haddasawa ba ta tsayawa a hali ɗaya, don haka tantance ta na buƙatar hanyar da ke bayyana yawan kaɗawa tare da lokacin da ya sauya.

1.0 Gabatarwa

Kowane gini yana da yawan kaɗawar da ya keɓanta da shi, wato sau nawa yake kai-komo a daƙiƙa ɗaya, kuma ana auna shi da Hz. Tauri da nauyi ne ke tsayar da wannan adadi. Idan tsagewa ko tsatsar rodi ta rage taurin gini da kashi 10 cikin ɗari, yawan kaɗawarsa yakan sauka da kusan kashi 5. Kamar yadda sautin kalangu ke sauka idan an sassauta tsirkiya, haka saukar wannan adadi ke tona raunin da ido bai kai gare shi ba.

2.0 Yanayin Wurin

Unguwar Tokoin na kan tudun jar ƙasa a arewa da tafkin Lome, tsohon gari kuwa yana kan rairayin bakin teku. A Tokoin ne asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio yake, da Jami'ar Lome da aka kafa a 1970, da filin jirgin sama. Tireloli masu ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1968, suna bin babbar hanyar arewa zuwa Burkina Faso da Nijar. Iskar teku mai gishiri kuma tana hanzarta tsatsar rodi cikin kankare. Tarihi ya nuna girman haɗarin: igiyar ruwa ta karya gadar sauke kaya ta Jamusawa a 1911, ambaliyar 2008 ta cinye gadar Amakpape, sannan girgizar ƙasar birnin Accra ta 1939 ta auku ne a maƙwabciyar ƙasa, Gana.

3.0 Hanyoyin Tantancewa

Ana manna na'urorin auna jijjiga a jikin gini, a riƙa ɗaukar bayani aƙalla ninki biyu na kaɗawa mafi sauri da ake nema. Lissafin Fourier, wanda Cooley da Tukey suka sauƙaƙa wa kwamfuta a 1965, yana rarrabe kaɗawar da ke cikin bayanin, sai dai ba ya faɗin lokacin da kowace ta auku.

Gabor ya kawo mafita a 1946: a yanka bayanin gunduwa-gunduwa, a lissafa kowace daban. Amma gunduwa mai tsawon daƙiƙa 10 tana bambance kaɗawar da tazararsu ta kai 0.1 Hz, mai daƙiƙa 1 kuwa sai tazarar ta kai 1 Hz. Duk abin da aka samu ta fuskar lokaci, an rasa shi ta fuskar kaɗawa.

Hanyar ƙananan igiyoyi ta Grossmann da Morlet, ta 1984, tana tsawaita gunduwa ga kaɗawa mai nawa, ta gajarta ta ga mai sauri. Hanyar Wigner da Ville tana da kaifi, amma takan haifar da alamun bogi a tsakanin kaɗawa biyu na gaskiya. Ta Huang, ta 1998, tana fitar da sassan jijjiga daga cikin bayanin kansa, sai dai hayaniya kan cakuɗa mata su.

4.0 Tattaunawa

Tirelar da ke gudun kilomita 36 a awa tana ƙetare gada mai tsawon mita 30 cikin daƙiƙa 3. A wannan ɗan lokaci nauyinta na sauya yawan kaɗawar gadar, kuma sai bayan ta wuce gadar ke komawa kaɗawarta ta asali. Gunduwar daƙiƙa 10 za ta haɗe yanayin biyu, ƙananan igiyoyi kuwa suna raba su. Dogon bene irin otal ɗin 2 Février, mai tsawon mita 102, yana kaɗawa a hankali ƙwarai, ƙasa da 1 Hz, don haka yana buƙatar awo mai tsawo.

Akwai abin lura kuma. Binciken gadar Z24 a Suwizalan, a 1997 da 1998, ya nuna cewa sauyin zafi da sanyi kaɗai na iya motsa yawan kaɗawa har ya rufe alamar rauni. A Lome, wajibi ne awo ya haɗa da damina da lokacin hunturu.

5.0 Kammalawa

Ƙananan igiyoyi sun fi dacewa da gadoji masu yawan zirga-zirga, gunduwar Gabor kuwa ta wadatar ga jijjiga mai sauyawa a hankali. Kowace aka zaɓa, amfaninta ya rataya ne ga awon farko da aka yi tun gini yana da lafiya, domin da shi za a gwada na baya. Ya kamata a soma wannan awo da asibitoci, makarantu da gadojin hanyar arewa, a kuma adana bayanan inda injiniyoyi za su same su.