Skydancer, Faifan Farko na Ƙungiyar Dark Tranquillity

Skydancer shi ne cikakken faifai na farko da ƙungiyar makaɗa ta Dark Tranquillity, ta ƙasar Suwidin, ta fitar, a watan Agusta na shekarar 1993, ta hannun kamfanin Spinefarm na ƙasar Finlan. Ana lissafa shi cikin fayafayan da suka kafa harsashin salon nan da ake kira melodic death metal, wato kiɗa mai tsananin kaushi da gurnanin murya wanda aka cuɗanya shi da zaƙin amo.

Asalin ƙungiyar kuwa wasu samari ne na Billdal, wata unguwa a gefen birnin Gotenbag, waɗanda suka haɗu a shekarar 1989 da sunan Septic Broiler, kafin su sauya suna. A wancan zamani, da yake intanet bai shiga gidajen jama'a ba, kuma gidajen rediyo ba sa kula irin wannan kiɗa, sai samarin su ɗauki waƙoƙinsu a kaset, su kwafa, su aika ta gidan waya zuwa ga takwarorinsu na wasu ƙasashe, su kuma a aiko musu da nasu. Ta wannan hanya ne kaset ɗinsu Trail of Life Decayed na 1991 da ƙaramin faifansu A Moonclad Reflection na 1992 suka sanar da duniya su.

Su biyar ne suka yi aikin Skydancer: Anders Fridén a kan murya, Niklas Sundin da Mikael Stanne a kan jita, Martin Henriksson a kan jitar bes, sai Anders Jivarp a kan ganguna. Waƙoƙi tara ne a ciki.

Ba za a gane darajar faifan ba sai an dubi abin da ake yi a Istokholm a lokacin, inda ƙungiyoyi irin su Entombed, waɗanda ke ɗaukar aikinsu a ɗakin ɗaukar sauti na Sunlight, suka fifita jita mai kauri da ƙara kamar ta zarton inji, alhali su samarin Gotenbag, ba tare da sun saki gurnani da saurin ganga ba, sai suka sa jita biyu suna tafiya kowace da nata amo, suna rabuwa suna haɗuwa, har ita ma bes takan kama tata hanya maimakon ta bi bayansu. Suka kuma shigar da jitar katako marar lantarki, da muryar mace, Anna-Kajsa Avehall, da tattausar muryar Stanne, musamman a waƙar Through Ebony Archways. Baitocin, waɗanda Sundin da Stanne suka tsara, dogaye ne cikin Ingilishi mai ƙamshin tsohon adabi. Haƙiƙa sautin faifan siriri ne, kuma a wasu wurare hikimomin sun yi yawa har suna tuntuɓe da juna. Amma ni a ganina wannan cunkoso shi ne abin ƙaunarsa, domin yana nuna himmar matasa da ba su yarda su bar komai a baya ba.

Bayan fitowar faifan Fridén ya bar ƙungiyar, Stanne ya ajiye jita ya karɓi murya, aka ɗauko Fredrik Johansson ya maye gurbinsa a kan jita. Abin al'ajabi a nan shi ne Stanne ne ya rera faifan farko na ƙungiyar In Flames, Lunar Strain, a 1994, a matsayin baƙo, sa'an nan Fridén ya zama mawaƙinta na dindindin a 1995, ta yadda ƙungiyoyin biyu suka yi musayar mawaƙa.

A shekarar 1995 Dark Tranquillity ta fitar da The Gallery, wanda aka ɗauka a ɗakin Fredman na Fredrik Nordström, a shekarar da ƙungiyar At the Gates ta fitar da Slaughter of the Soul, In Flames kuma ta biyo da The Jester Race a 1996. Waɗannan ukun su ne suka tabbatar da sunan salon Gotenbag, kuma shahararsu ta ɗan lulluɓe Skydancer, ko da yake daga baya an sake buga shi haɗe da ƙaramin faifansu Of Chaos and Eternal Night.