Ƙauyen Aro: Inda Dangi Suka Zama Rabin Magani

A shekarar 1954 wani matashin likita mai suna Thomas Adeoye Lambo ya dawo garinsu Abeokuta daga Ingila, aka damƙa masa sabon asibitin ƙwaƙwalwa da gwamnati ke ginawa a Aro, can bayan gari. Gini bai kammalu ba, marasa lafiya kuwa ba su fasa zuwa ba. Maimakon ya zauna jiran magina, Lambo ya nufi dagatai da dattawan ƙauyukan da ke kewaye, ya roƙe su su ba majinyatansa hayar ɗakuna a cikin gidajensu. Ya kuma kafa sharaɗi guda: duk wanda za a kawo, sai ya zo da wani nasa, uwa ko ƙanwa ko goggo, wadda za ta zauna da shi har ya samu sauƙi. Daga nan aka samu tsarin da likitocin duniya suka sani da sunan ƙauyen Aro.

Kafin wannan lokaci, mai taɓin hankali a Najeriya ba shi da inda ake kai shi don ya warke a hannun hukuma. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidajen mahaukata a Kalaba da Yaba, na Yaba a 1907, amma aikinsu tsarewa ne. Dokar 1916 ta ba alƙali da likita ikon kulle wanda aka yi wa shaidar hauka, kuma a garuruwa da yawa, har da na Arewa, wani sashe na gidan yari ake keɓe musu. A Abeokuta ma tsohon kurkuku ne a Lantoro aka mayar gidan mahaukata a 1944, aka riƙa kai sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu hankalinsu ya gushe.

Waɗanda ke ƙarewa a irin waɗannan gidaje su ne masu duka da jifa da tayar da hankalin kasuwa. Matar da ta daina cin abinci, ta daina barci, ta shige ɗaki ba ta magana da miji ko 'ya'ya, ba ɗan sandan da zai kama ta, ba alƙalin da zai gan ta. Tana nan a gida, ko an kai ta wurin mai magani. Likitocin Turawa suka duba littattafan gidajen mahaukata, ba su ga irinta ba, sai suka yanke hukuncin cewa baƙar fata ba ya ciwon damuwa. Wanda ya fi kowa yayata wannan magana shi ne J. C. Carothers, wanda ya shugabanci asibitin Mathari a Nairobi. A littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga masa a 1953, ya nuna cewa ɗan Afirka ba ya ɗora wa kansa laifi, komai ya same shi sai ya jingina ga maita ko iskoki, don haka baƙin ciki ba ya zama masa ciwo. Wannan zance ya cuci mutane masu yawa, domin ciwon da aka ce babu shi ba wanda zai nema masa magani.

Lambo ya san zancen ba haka yake ba. An haife shi a Abeokuta a 1923, ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. A Ingila ya ga yadda ɗalibai 'yan Afirka ke rushewa saboda kaɗaici da rabuwa da gida. Abin da ya ɗauko daga can shi ne cewa raba marar lafiya da mutanensa ƙara masa ciwo ne.

Ga yadda rana take a Aro a lokacin. Da safe mai jinya za ta yi wa ɗan'uwanta girki, ta rako shi asibiti a ƙafa. A can likita zai duba shi, a ba shi maganin da ake da shi a wancan zamani, wato ƙwayoyi da allurai da jinyar lantarki, a sa shi cikin masu saƙa ko noma ko wata sana'ar hannu. Da yamma su koma ƙauye. Yana cin abinci irin na gidansu, yana jin yarensu, yana zuwa kasuwa, yana shiga coci ko masallaci, yana ganin yara suna wasa a tsakar gida. Ma'aikatan jinya suna kwana a ƙauyen, ko da wani abu zai taso cikin dare. Ƙauyuka huɗu ne suka shiga tsarin, kuma sukan ɗauki majinyata tsakanin 200 zuwa 300 a lokaci guda.

Mutanen ƙauye da farko sun ji tsoro, kamar yadda kowa zai ji idan aka ce a kawo masa mai taɓin hankali cikin iyalinsa. Lambo bai tsaya ga lallashi kawai ba. Masu gida suna karɓar kuɗin haya, asibiti yana ba su rance su ƙara ɗakuna, an kawo musu ruwa mai tsabta, an gina masai, an yaƙi sauro, matasansu sun samu aiki a asibiti. An kuma kafa majalisa ta dattawan ƙauye da ma'aikatan asibiti, suna zama a kai a kai suna warware ƙorafi. A hankali tsoro ya ragu, har ya zamana baƙo ba ya iya bambance mai haya da mai gida.

Amfanin wannan tsari ya fi bayyana ga mai ciwon damuwa, domin ciwo ne da ke fara cin zumunci kafin ya ci jiki. Mai shi yana janyewa daga mutane, gaisuwa ta zame masa nauyi, aikin da ya saba ya gagare shi. Mata ta ɗauka miji ya daina sonta, miji ya ɗauka mata ta koyi raini, iyaye su ce ɗansu ya zama malalaci. Kowa ya ja baya, shi kuma ya ƙara tabbatar wa kansa cewa ba shi da amfani. A Aro, uwar da ta zo jinya tana jin bayanin likita da kunnenta, tana zama da wasu iyaye masu irin matsalarta, tana ganin 'yarta tana dawowa kaɗan-kaɗan, yau ta ci abinci, jibi ta tsefe kanta, wani mako ta yi dariya. Idan an sallame su, ba marar lafiya kaɗai ke komawa gida da sabon sani ba. Akwai mutum ɗaya a gidan da ya san alamun ciwon, wanda zai iya ce wa sauran dangi su yi haƙuri, ko ya ce lokacin komawa asibiti ya yi.

Lambo ya yi wani abin da ya fi wannan tayar da ƙura: ya jawo masu maganin gargajiya na Yarbawa ya yi aiki da su. Ya lura cewa kusan duk wanda ya zo wurinsa ya riga ya biya ta wurinsu, kuma zai koma bayan an sallame shi. Sai ya zaɓi wasu daga cikinsu suna zama da majinyata, suna sauraron mafarkinsu da tsoronsu, suna yi musu bayani da harshen da suka yarda da shi, likita kuma yana riƙe da ɓangaren magani. Ba shi kaɗai ne ya bi wannan hanya ba. A Sudan, Dakta Tijjani al-Mahi ya riga shi haɗa kai da malaman addini a jinyar masu taɓin hankali, kuma a asibitin Fann da ke Dakar, Henri Collomb ya shigar da masu rakiyar marasa lafiya cikin jinya bayan zuwansa a 1959.

Bincike ne ya ƙarasa rushe zancen Carothers. A 1960 wata mai bincike, Margaret Field, ta buga sakamakon zamanta a wuraren tsafi na ƙasar Asante a Gana, inda ta tarar da mata da yawa suna zuwa da kansu suna cewa su mayu ne, su suka kashe 'ya'yansu ko suka jawo wa dangi asara. Ta gane cewa ciwon damuwa ne, kuma ɗora wa kai laifin da aka ce ɗan Afirka bai sani ba shi ne ke fitowa a wannan siffa. A 1961 Lambo da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka suka bi ƙauyukan Yarbawan Egba da garin Abeokuta suna yi wa mutane tambayoyi, suka kwatanta abin da suka samu da na wani yanki a Kanada. Littafinsu ya fito a 1963, ya nuna cewa alamun damuwa da fargaba suna nan birjik a cikin Yarbawa. Sai dai mutane sun fi kawo kukan jiki: zafi a ka, wani abu yana yawo a jiki, faɗuwar gaba, rashin barci, kasala. Likitan da ke jiran a ce masa ana baƙin ciki sai ya ba da maganin zazzaɓi ya sallami mutum.

Sunan Aro ya yi nisa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi fim a kansa, kuma a 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta. Lambo ya koma Jami'ar Ibadan a 1963, Tolani Asuni ya gaje shi a Aro. Lambo ya zama shugaban jami'ar a 1968, sannan ya riƙe muƙamin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004.

Tsarin yana da iyakarsa. Masu tashin hankali sosai ba a kai su ƙauye, Lantoro ake kai su, don haka masu suka suka ce nasarar da ake gani ta zaɓaɓɓun majinyata ce. Iyali kuma sai sun sadaukar da mutum guda na tsawon watanni, kuma kusan kullum mace ce ke barin gona ko kasuwarta. Da Abeokuta ta zama babban birnin Jihar Ogun a 1976, gari ya faɗaɗa ya haɗiye ƙauyukan, ɗakuna suka samu masu haya da suka fi biya, tsarin ya yi ta dusashewa. Asibitin yana nan yana aiki a matsayin asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya, irin waɗanda ke Kaduna da Kware da Maiduguri.

Matsalar da Lambo ya tarar ba ta gushe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta daga Ibadan, wanda aka buga a 2007, ya gano cewa kimanin ɗaya cikin huɗu na tsofaffin ƙasar Yarbawa ya taɓa yin wannan ciwo mai tsanani a rayuwarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Dokar mahaukata ta 1958, wadda ta gaji ta 1916, ita ta ci gaba da aiki har zuwa Janairun 2023, lokacin da aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Da wannan ƙarancin likitoci, yawancin masu ciwon damuwa a gida za su yi jinya, a hannun uwa ko mata ko ɗan'uwa. Ya kamata asibitocinmu, tun daga ƙaramin asibitin ƙauye, su riƙa zaunar da mai rakiyar nan su koya masa alamun ciwon, da yadda ake shan magani, da lokacin da ya wajaba a dawo da marar lafiya ba tare da jinkiri ba.