Tarihin Ƙwallon Ragar Mata a Jami'ar Hawai



Na san ba ku manta da ragar nan ta filin 'yan mata ba, wadda ta tsinke muna aji uku, har muka fita ba a sake ta ba. Da an tambaya sai a ce babu kuɗi. Sai da na kama aikin gwamnati na gane abin da ake nufi: duk abin da bai shiga kasafi ba, ko nawa ake son sa, maraya ne. Wannan ne ya ja hankalina ga tarihin ƙungiyar ƙwallon raga ta mata a Jami'ar Hawai, can ƙasar Amurka.

A shekarar 1972 aka zartar da doka a Amurka wadda ta hana makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata. Cikin waɗanda suka tsaya mata har da Patsy Mink, 'yar majalisa daga Hawai. A shekarar ce jami'ar ta ɗora Dokta Donnis Thompson kan wasannin mata, aka danƙa mata dala 5,000 kacal. Ƙungiyar ta soma wasa a 1974.

Dave Shoji ya karɓi horar da su a 1975, kuma aikin ma na wucin gadi ne. Sai da ya ciyo kofin ƙasa a 1979 kafin a tabbatar masa da kujerar. (Mu ma'aikata mun san irin wannan jira.) Ya ƙara kofi a 1982 da 1983 da 1987. Da aka buɗe sabon zauren wasa mai cin mutum wajen 10,000 a 1994, jama'a suka yi ta tururuwa, har ƙungiyar ta shiga sahun ƙalilan na mata da kuɗin ƙofa ke ɗauke wa nauyi.

Amma fa karatu ba a yi masa sassauci ba. Hukumar wasannin jami'o'i ta ƙayyade awa 20 a mako don wasa da atisaye, kuma yarinyar da makinta ya faɗi ƙasa da ƙa'ida sai ta koma benci, komai ƙarfin hannunta. Shekaru da yawa 'yan wasa 12 ne iyakar waɗanda ake iya ɗaukar nauyin karatunsu.

Shoji ya ajiye aiki a 2017 bayan shekara 42, ya bar kujerar ga Robyn Ah Mow, wadda shi ne ya horar da ita tana ɗaliba.